RA'AYINMU: Karatun Zane A Jami'ar Kirista, Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

A makon jiya wani ɗan kasuwa da ke zaune a Ghuddwa, wani ƙaramin gari da ke kudu da Sabha a yankin Fezzan na ƙasar Libiya, ya aiko mana da saƙon murya ta waya yana neman shawara. Ya ce ya shekara fiye da goma yana sayar da yadi da kayan masarufi ga 'yan'uwanmu 'yan ci-rani da ke aikin gona a wannan yanki, kuma duk abin da ya tara saboda karatun 'ya'yansa ne. To ga shi babban ɗansa da ke gida ya gama sakandare, ya kuma sami gurbin karatun zane da tsara fasalin kaya a wata jami'a mallakar coci a Nijeriya. Tambayarsa gajera ce: in biya ko in hana?

Da muka saka wannan saƙo a shirinmu na rediyo, wayoyi ba su huta ba. Wasu suka ce zane ai wasan yara ne, ba sana'ar da magidanci zai ci abinci da ita ba. Wasu kuma suka ce wanda ya kai ɗansa makarantar coci da hannunsa, kada ya zo yana kuka daga baya. A Libiya babu jami'ar Kirista, saboda haka Alhajin Ghuddwa bai taɓa ganin irinta ba, kuma zai yanke hukunci ne daga nesa, hamada tana tsakaninsa da ɗansa. Irinsa suna da yawa a Sabha da Dirku da Agadas, da kasuwannin Jibiya da Illela da Ƙonni da Maigatari. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu faɗi ra'ayinmu.

A ganinmu tambayoyi biyu ne aka cakuɗa wuri ɗaya, kuma sai an raba su kafin a sami amsa. Ta farko ita ce, shin zane karatu ne da ya cancanci a kashe masa kuɗi? Ta biyu kuma, shin ya dace a yi shi a jami'ar da coci ta kafa?

Bari mu fara da ta farko. Hanyar da Alhajin ke zaune a bakinta ba sabuwa ba ce ga kayan Hausa. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya ratsa Murzuk ta Fezzan a shekarar 1850, ya isa Kano a 1851. Ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ana kai su Murzuk da Ghat da Tarabulus da Tambutu, ya kuma ƙiyasta abin da ake fitarwa waje da aƙalla wuri miliyan 300 a shekara. Auduga dai akwai ta a wasu ƙasashe. Abin da ya sa Buzu da Balarabe suke neman na Kano shi ne hannun masaƙi, da idon marini, da bugun mabugi, da allurar mai ɗinki. Turkuɗin Kura, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, duk aikin tsara fasali ne, ko da kuwa kakanninmu ba su kira shi da sunan boko ba.

Yau kuma fa? Raƙuman da suka ɗauki kayanmu zuwa arewa sun koma manyan motoci, sai dai kayan da ke ciki ba namu ba ne. Atamfar Holan da uwargida ke alfahari da ita, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, kuma kamfanin yana nan tun 1846. Shaddar gezna da ango ke nema daga Ostiriya take fitowa. Mai arhar da ta cika Kantin Kwari daga Sin take zuwa, galibi kwaikwayon zanen wasu ce. Hatta hular da matanmu ke ɓata makonni suna ɗinkawa, an ɗauki fasalinta an ba inji. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daina aiki a 2002. Mu ne da dakon kaya, da kwana a kan iyaka, da biyan kwastan da 'yan shinge, amma riba mai tsoka tana wurin wanda ya zauna ya zana furen da ke jikin yadin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya ce zane ba sana'a ba ce, to ya duba kantinsa. Kwalin sabulu, da tambarin da ke jikin buhun shinkafa, da allon da ke saman shago, da fasalin takalmi, da taswirar ginin da yake fatan yi in ya koma gida, kowanne akwai wanda aka biya ya zana shi. Mun ga yadda Alphadi, mai tsara tufafi ɗan Nijar, ya kafa bikin FIMA a kusa da Agadas a 1998, ya jawo duniya ta zo kallon aikin maɗinka da maƙeran yankinmu. Wannan ba wasan yara ba ne.

Mun san akwai masu ƙyamar kalmar zane saboda batun sassaƙa mutum-mutumi da zana siffar mai rai. Wannan magana ce ta malamai, kuma ba mu da hurumin ba da fatawa. Abin da za mu iya faɗa shi ne fannin yana da rassa da dama. Akwai zanen gine-gine, akwai na yadi da tufafi, akwai na tukwane da tangaran, akwai na tambari da tallace-tallace a kwamfuta. Yaro zai iya zaɓar reshe guda ya ƙware a kai. Sai dai a sani, a shekarar farko makarantu da yawa kan sa ɗalibi ya ɗanɗana kowane reshe, har da zanen jikin ɗan Adam. Uba ya tambayi wannan tun da wuri, ya kai wa malaminsa, kada ya ji labari bayan an biya kuɗi.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda ta fi nauyi. Nijeriya ta ba da lasisin jami'o'i masu zaman kansu na farko a 1999, kuma biyu daga cikin ukun farko na Kirista ne, wato Babcock da Madonna. Daga baya Covenant ta zo a 2002 a garin Ota ta Jihar Ogun, sai Bingham ta cocin ECWA a 2005 a Karu ta Jihar Nasarawa. Waɗannan biyun suna koyar da zanen gine-gine. A Legas kuma Jami'ar Pan-Atlantic, mai alaƙa da wata ƙungiyar Katolika, ta buɗe gidan adana zane-zane na Yemisi Shyllon a 2019. Iyaye na son irin waɗannan makarantu ne saboda yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati ba ya shafar su. A 2022 kaɗai an rufe jami'o'in tarayya wata takwas. Uban da ke tara dinari a Fezzan yana so ya san ranar da ɗansa zai gama.

To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Coci ba ta gina jami'a don ta ɓoye addininta, kamar yadda mu ma ba mu gina Islamiyya don mu ɓoye namu. A wasu daga cikin waɗannan makarantu halartar taron addu'a a coci wajibi ne ga kowane ɗalibi, har ana ɗaukar suna. A wasu akwai dokoki kan tufafi da abinci da fita waje. Wasu kuma ba su tilasta wa kowa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro, ko wajen yabo ko wajen suka.

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya taɓo wannan batu a sashe na 38. Ya hana a tilasta wa wanda ke wata makaranta ya karɓi darasin addini ko ya halarci ibadar da ba ta addininsa ba ce. Amma sashen ya kuma bai wa kowace ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. A tsakanin waɗannan biyu ne ake ta jayayya, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin Musulmi irin su MURIC sun sha kokawa a kai. Su kuma makarantun hujjarsu ita ce ɗalibi da iyayensa sun sa hannu a kan dokoki kafin a ɗauke shi. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ma'anar sa hannu. Wanda ke Ghuddwa ba shi da lokaci ko kuɗin zuwa kotu a Abuja. Rigakafi ya fi magani.

Don haka shawararmu ita ce a yi wa makaranta irin binciken da ake yi wa dila kafin a biya. Uba ya wakilta ƙaninsa ko amininsa ya je da ƙafarsa, domin gani ya kori ji. Ya karɓo littafin dokokin ɗalibai, a sami mai Turanci ya karanta shi daga farko har ƙarshe. A tambaya a fili: zuwa coci dole ne ko ganin dama? Ina yaro zai yi salloli biyar, kuma za a bar shi ya fita Juma'a? Yaya ake yi da sahur da buɗa-baki a watan azumi? Idan 'ya mace ce, me doka ta ce game da hijabi? A nemi ɗaliban Musulmi da ke ciki, in akwai, a ji ta bakinsu ba a gaban jami'an makaranta ba. Sannan a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta amince da kwas ɗin kansa, ba jami'ar kaɗai ba. A duba ɗakin koyon aiki: akwai injin buga yadi, da murhun gasa tangaran, da kwamfutoci masu aiki, ko kuwa hoton takardar talla ne kawai? A ƙarshe a yi lissafin kuɗin dukan shekarun, har da kayan aiki, domin karatun zane yana cin takarda da fenti kamar yadda mota ke shan mai.

Idan amsoshin sun nuna yaro zai riƙe sallarsa ba tare da ɓoyo ba, kuma koyarwar tana da inganci, ba mu ga dalilin hana shi don kawai sunan mai makarantar ba. Mun daɗe muna kai marasa lafiyarmu asibitin mishan na Galmi da na Wusasa, mu dawo da addininmu. Cocin Wusasa kanta, da aka gina a 1929, da ƙasa aka yi ta bisa fasalin ginin Hausa, kuma akwai Hausawa Kirista a cikin masu karanta wannan shafi waɗanda su ma tambayar inganci da kuɗi ta shafe su. Amma idan amsar ita ce sai yaro ya halarci ibadar da ba tasa ba, ko ya riƙa laɓewa kafin ya yi salla, to muna ganin a haƙura. Asibiti kwana kaɗan ne, jami'a kuwa shekaru ne, kuma a lokacin da icce yake ɗanye.

Haƙura da makaranta guda ba haƙura da karatun ba ne. Tun 1955 ake koyar da zane a Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka dage cewa dole zanen boko ya sha daga rijiyar gargajiya. Jami'ar tana da sashen zane da sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyon yadi da tangaran da tambari. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauci ita ma tana da irin wannan sashe. Kuɗinsu bai kai na masu zaman kansu ba, ga masallaci da coci duk a harabar.

Abin da ya fi damun mu shi ne namu sakacin. Muna da Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar tun 1986, muna da Al-Qalam a Katsina tun 2005, muna kuma da attajiran da ke sauke kwantena goma a wata. Amma ƙungiyar 'yan kasuwa nawa ce ta taɓa ɗaukar nauyin yaro ɗaya ya koyo zanen yadi? Muna zargin wasu da buɗe ƙofarsu, alhali mu ba mu gina tamu ba. Muna kira ga shugabannin Kantin Kwari da na kasuwannin kan iyaka su ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don tallafa wa yara masu baiwar hannu, su kuma zauna da jami'o'in yankinmu a buɗe sassan zane da za su haɗa ɗalibi da marinan Ƙofar Mata da dukawa da maɗinka.

Ga Alhajin Ghuddwa kuwa, amsarmu ita ce: kada ka kashe wa yaron nan baiwarsa, domin wataƙila shi ne zai zana yadin da jikokinka za su sayar. Amma kada ka aika ko dinari ɗaya sai wakilinka ya dawo maka da littafin dokoki da amsar inda ɗanka zai yi salla. Ka kira yaron ka ji ta bakinsa, ka sa ya nemi Zariya ma a lokaci guda. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya dawo da matafiyanmu gida lafiya.