ZAUREN KIƊA: Osibisa, Zangon Mutum Bakwai a Birnin Landan

A wannan wata za mu taɓo wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu sha'awar kiɗan da, tun daga Nima da Maamobi har zuwa Malam da Sabon Zango: shin wane ne ginshiƙin ƙungiyar Osibisa? Abin da ya sa muka ga ya dace mu ɗauko zancen shi ne, 'yan Gana ukun da suka kafa ta duk sun kau. Mac Tontoh ya rasu a 2010, Sol Amarfio a 2022, sannan shugabansu Teddy Osei ya bi su a Landan ran 14 ga Janairu, 2025. Tun da masu abin sun tafi, ya rage gare mu masu saurare mu faɗi abin da suka bari, kada yaranmu su tashi su tarar da suna babu labari.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, bari mu ɗan koma baya. Teddy Osei mutumin Kumasi ne, an haife shi a 1937. Tun yana saurayi ya kama busa saksafon, kuma shi da ƙanensa Mac, mai busa ƙaho, suka yi ƙungiyar hailaif mai suna Comets. A 1962 ya tafi Landan, ya yi karatun kiɗa, ya sha fama irin ta baƙo. A 1969 ne ya haɗa Mac da Sol Amarfio mai ganguna da waɗansu mutum huɗu. Akwai Lasisi Amao daga Nijeriya, mai kiɗan hannu da busa, wanda sunansa ba baƙo ba ne a kunnen duk wanda ya yi maƙwabtaka da Yarbawa a Zango. Sauran ukun daga tsibiran Karebiyan suke, inda aka kai baƙar fata bauta daga wannan gaɓar teku tamu: Spartacus R na Girenada mai babbar jita, Robert Bailey na Tirinidad mai ogan, da Wendell Richardson na Antigwa mai ƙaramar jita. Mutum bakwai ke nan daga ƙasashe biyar. Sunan kuwa daga osibisaba ya fito, wani tsohon kiɗan Fantawa.

To, a nan muke so mai karatu ya dakata ya dubi shekarar da kyau. Babu gidan Zango da bai san 1969 ba. Ran 18 ga Nuwamba na wannan shekara gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda kwana 14 ya bar Gana. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, aka raba ma'aurata, motoci suka yi ta kwasar mutane zuwa Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. A daidai lokacin da ake wannan kora a gida, 'ya'yan ƙasar su uku suna can ƙasar wani, su ma baƙi ne, kuma ba su sami abokan tafiya ba sai wasu baƙin. Abin da suka kafa a Landan, in ka dube shi da idon basira, zango ne: kowa ya sauke kayansa, kowa ya riƙe harshensa, amma tukunya ɗaya ake ci.

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. A 1971 kaɗai suka fitar da manyan faya-fayi biyu, na farko mai ɗauke da sunan ƙungiyar, na biyu Woyaya, kuma kowannensu ya hau matsayi na 11 a jerin faya-fayin da aka fi saye a Ingila. Tony Visconti, wanda ya yi aiki da David Bowie, shi ya tsara ɗaukar su. Roger Dean ya zana musu giwayen nan masu fikafikai da ke bisa bangon faifan, waɗanda duk wanda ya taɓa gani ba ya mantawa. A shekarar ce kuma, ran 6 ga Maris, aka yi babban wasan Soul to Soul a dandalin Black Star na nan Ankara, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana suka zo daga Amurka. Wato a lokaci guda kiɗan waje yana shigowa, namu kuma yana fita.

Yanzu sai gardamar. Masu goyon bayan Teddy suna cewa jirgi ba ya tafiya babu matuƙi, kuma gaskiyarsu, domin shi ya riƙe sunan fiye da shekara 50, ana shiga ana fita. 'Yan bayan Mac suna cewa a saurari Music for Gong Gong a ji yadda ƙaho ke tsaga kiɗa kamar kakaki a ƙofar fada. Masu son Sol kuwa hujjarsu ita ce Woyaya, waƙar da sunanta na harshen Ga ne, wadda da hannunsa a tsara ta, har Ba'amurke Art Garfunkel ya sake rera ta a 1973. Akwai kuma 'yan tsiraru masu cewa ba don jitar Wendell ba da Turawa ba su kira abin rok ba, suna kafa hujja da cewa ƙungiyar Free ta Ingila ta ɗauke shi yawon wasa a 1973.

Mu dai a wannan zaure ra'ayinmu shi ne duk sun faɗi gaskiya, amma rabinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙungiyoyin rok na Turawa an saba ajiye mai ganga a baya, aikinsa ya tsare wa mai jita lokaci. Osibisa sai suka juya al'amarin: ganguna ne ke magana, busa ta amsa, jita da ogan su bi ta tsakani suna saƙa. Wanda ya taɓa tsayawa wajen makaɗan kalangu ranar ɗaurin aure ya san wannan tsari na bayarwa da amshi, ba sai an fassara masa ba. Cire Sol, ƙahon Mac ba shi da inda zai taka. Cire 'yan Karebiyan, abin ya koma hailaif irin wanda aka saba ji a Kumasi. Shi ya sa har gobe muke cewa faya-fayin da mutum bakwai ɗin suka yi tare, daga na farko zuwa Heads na 1972, su ne gangariya.

Bayan nan aka fara watsewa. Baƙin huɗu suka kama gabansu ɗaya bayan ɗaya, ko da yake Wendell ya dawo daga baya. Wasu suka shigo, irin su Jean Dikoto Mandengue na Kamaru da Kofi Ayivor. A 1976 Sunshine Day ta kai matsayi na 17 a Ingila, kuma ita ce waƙarsu da duniya ta fi sani. Muna son ta, muna taka rawarta, amma tsakani da Allah zaƙinta ya fi yajinta. Duk da haka ba za a raina wannan zamani ba, domin a cikinsa suka kai kiɗan Gana Japan da Ostireliya da Indiya, suka yi wasa a bikin FESTAC na Legas a 1977, da bikin samun 'yancin Zimbabwe a 1980.

Akwai kuma labarin da masoya ba su cika son a tayar ba, amma ɓoye shi cuta ne. Kiki Gyan ɗan Takoradi ya shiga ƙungiyar tun bai kai shekara 20 ba, kuma ya yi fice wajen kaɗa ogan har ana kwatance da shi. Ya ga kuɗi da suna tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Ya bar ƙungiyar, ya fitar da 24 Hours in a Disco a 1979, sannan ƙwaya ta kama shi. Ya dawo gida ya shekara da shekaru yana fama, ya rasu a 2004 cikin talauci yana ɗan shekara 47. Ba muna faɗin wannan don tonon asiri ba ne. Muna faɗi ne domin a lungunanmu akwai yara masu basira irin tasa, kuma mun ga abin da taramol ke yi musu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani zai tambaya, in har abin ya kai haka, me ya sa ba a ga magadansu a gida ba? Amsar tana cikin tarihin ƙasa. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1981 aka sa dokar hana fitar dare da ta wuce shekara biyu. Gidajen rawa suka mutu, kayan kiɗa suka yi tsada, makaɗa suka watsu zuwa Jamus da Ingila da Nijeriya, ita kuma Nijeriya ta yi tata korar baƙin a 1983. Mac ya dawo gida farkon shekarun 1990 ya kafa Kete Warriors don ya koya wa yara, amma zamani ya riga ya juya zuwa kiɗan na'ura. Sai dai jini ba ya ɓuya. Lokacin da samarin Nima suka kafa VIP, suka gauraya Hausa da Twi da Turanci a hiplaif, har Ahomka Womu ta ci kyautar waƙar shekara a 2004, hanyar da Osibisa suka share ce suka bi: ka shiga kasuwar duniya da kayan gidanku.

Abin da ya fi damunmu a ƙarshe shi ne wannan. Mun iya jero sunayen mutum bakwai ɗin nan da ƙasashensu ne saboda an rubuta, an buga a bangon faifai, an adana. To, makaɗan goge da kalangu da suka raya bukukuwan Zango tun zamanin kakanninmu fa? In dattawan da suka san su suka kau, wa zai faɗi sunansu? Saboda haka muna roƙon duk mai tsohon faifai ko kaset a ƙarƙashin gado kada ya bari zafi da ƙura su cinye shi. A sa yara su juye shi a kwamfuta, a rubuta sunan makaɗi da unguwa da shekara. Cibiyar Nazarin Afirka da ke Jami'ar Gana a Legon tana da ma'ajiyar irin waɗannan kaya. Masu shirye-shiryen Hausa a rediyo kuma su ware ko rabin sa'a ne a mako domin kiɗan da, na Osibisa da na gida.

Wanda bai yarda da hukuncinmu ba a kan ginshiƙin ƙungiyar, ƙofar zaure a buɗe take, ya aiko da hujjarsa mu buga. Sharaɗi ɗaya ne: ya fara zama ya saurari Woyaya daga farko har ƙarshe tukuna.

Mu kwana nan, sai Allah ya kai mu wata mai zuwa.