Mac ko Windows? Shawara ga mai shirin koyon zanen gurafik



Kwanakin baya ɗan yayata ya same ni a shago ransa a dagule. Ya samu gurbin koyon zanen gurafik, sai wani da ya riga shi shiga ya ce masa in ba MacBook zai saya ba, kada ma ya fara. Ya ce, "Kawu, Umma ta ce za ta sayar da saniyarta ta haɗa da kuɗin adashe." Na ce masa ya zauna tukuna. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa muku, domin na san akwai gidaje da yawa da ake wannan lissafi.

Ra'ayina a taƙaice: ɗalibin da zai yi karatu kuma ya nemi abinci a Kano, Kaduna, Zariya ko Maraɗi, kwamfutar Windows mai kyan allo ta fi masa. Ga dalilaina.

Maganar cewa mai zane sai da Mac tana da asali. Kamfanin Apple ya fito da Macintosh a 1984, a 1985 kuma aka samu manhajar PageMaker da firintar LaserWriter, har mutum ya iya tsara shafin jarida a teburinsa. Illustrator ta fito a 1987, Photoshop a 1990, dukansu a kan Mac suka fara. A wancan zamani gaskiya ne, mai zane ba shi da zaɓi. Amma yau fiye da shekara 30 ke nan Photoshop tana aiki a kan Windows. Kayan aikin iri ɗaya ne, kuma fayil ɗin da aka yi a wannan yana buɗewa a waccan. Wanda ya ba ka aikin tambari ba zai taɓa gane da wace na'ura ka zana ba.

Tambaya ta farko da ya kamata ka yi ita ce: ina aikina zai ƙare? A wajenmu mafi yawan aikin farko shi ne katin biki, fosta, kalanda, sitika da bana, kuma duk maɗaba'a za su je. Shiga shagunan ɗab'i ka duba, yawancinsu CorelDRAW suke amfani da ita a kan Windows, sau da yawa ma tsohon samfuri. Manhajar ta wani kamfanin Kanada ce, ta fito a 1989 don Windows, kuma sai a 2019 ta dawo Mac bayan doguwar ƙaura. Idan malaminka da mai buga maka aiki da abokan karatunka duk suna kan Windows, ranar da abu ya cije maka da tsakar dare wa za ka kira?

Na biyu, tambarin da ke bayan murfi ba shi ne ke yin aiki ba. Abu uku za ka duba. Allo ya zama nau'in IPS mai nuna launi daidai, wanda ya kusa cika ma'aunin sRGB. Gwajin mai sauƙi ne: karkatar da murfin gaba da baya, in launi ya dusashe ko ya canza, ajiye ta. RAM ta kai 16GB, in kuɗi bai kai ba a sayi mai 8GB da ake iya ƙara mata. Ma'ajiya ta zama SSD. Yawancin kwamfutocin ofis na hannu irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook ana iya ƙara musu RAM, sai dai ka sa a tabbatar maka kafin ka biya, don wasu an manne musu ita. Sababbin Mac kuwa, abin da ka saya da shi za ka zauna, ba a ƙarawa.

Ban ce Mac ba ta da kyau ba. Tun da Apple ya fito da cif ɗin M1 a 2020, batirinsu yana daɗewa sosai, ba sa zafi, allonsu kuma abin yabo ne. A ƙasar da wutar lantarki take zuwa in ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son Mac suke da ita. Amma ka yi tunanin ranar da allo ya fashe ko shayi ya zube a kan madannai. Masu gyaran HP da Dell suna ko'ina, kayan gyaransu a wadace. Na Mac sai an nema, kuma da tsada. Ɗalibin da kwamfutarsa ta kwanta wata guda a tsakiyar zango ya yi asarar da batir ba zai biya ba.

Tarkon da ya fi kama yara shi ne tsohuwar Mac ta hannu mai cif ɗin Intel, wadda ake saya don kawai a gan su da tuffa. Apple ya riga ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau irin waɗannan. Wata kuma za ka saya ka tarar tana kulle da iCloud ɗin mai ita na farko. In dole sai Mac, to daga M1 zuwa sama, kuma a goge ta a sake kunnawa a gabanka.

Kada kuma ka manta da kuɗin manhaja. Tun 2013 Adobe ta koma tsarin haya, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, ko wace na'ura kake da ita. Waɗanda aka fasa ta bayan fage su ne babbar ƙofar birus. Inkscape, GIMP da Krita kyauta ne, Figma kuma a burauza take aiki. Da su za ka iya koyon tushen sana'ar.

Tushen kuwa yana cikin kanka. Ka san me ya sa shuɗin da ka gani a allo yake fitowa daban a takarda, wato bambancin RGB da CMYK. Ka iya zaɓen salon rubutu mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, kada sunan amarya ya fito da rami a tsakiya. Babu na'urar da ke koyar da wannan.

Ɗan yayata ya sayi ta hannu mai Windows, muka ƙara mata RAM, ragowar kuɗin ya sayi linzami mai kyau da ma'ajiyar waje. Saniyar Umma tana nan a turkenta. Na ce masa ranar da aikinsa ya fara kawo kuɗi, in ransa yana son Mac, ya saya da guminsa.

Wanda yake da ra'ayi saɓanin nawa, musamman masu aiki da Mac a kullum, ina sauraron hujjarku.