Rovaniemi: Baƙi Sun Yi Wa Masu Gida Yawa

A kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama, jiragen sama kan yi ta sauke iyalai daga Ingila da Faransa da Jamus da ƙasashen Asiya a Rovaniemi, babban garin lardin Lapland da ke can ƙuryar arewacin ƙasar Finland. Abin da ke kai su shi ne yara su ga dusar ƙanƙara, su hau keke mai sulɓi wanda karnuka ko barewar gida ke ja, su kuma gaisa da dattijon nan mai farin gemu da jar riga, watau Santa Claus, Baban Kirsimeti. A wannan lokaci hasken rana bai kai sa'a uku a yini ba, amma hakan bai hana kowa zuwa ba.

Mazauna garin kimanin 65,000 ne. A shekarar 2023 an ƙidaya kwanan da baƙi suka yi a masaukansa ya haura miliyan 1.2, ƙarin kusan kashi 30 cikin 100 ke nan bisa na 2022. A hunturun 2024 kuma aka buɗe sababbin hanyoyin jiragen sama 13 zuwa garin.

Wanda ya san tarihin wurin ba zai ga laifin hukumominsa ba don sun rungumi wannan sana'a hannu biyu. A watan Oktoba na 1944 sojojin Jamus da ke janyewa suka bar garin cikin toka, aka yi asarar wajen kashi 90 cikin 100 na gine-ginensa. A 1950 Eleanor Roosevelt, uwargidan marigayi Shugaban Amurka, ta je duba aikin sake gina shi, aka kafa mata wata 'yar bukkar katako cikin gaggawa, kilomita takwas arewa da gari. A gefen bukkar nan ne aka buɗe Ƙauyen Santa Claus a 1985, shekara ɗaya bayan jirgin Concorde ya fara kawo Ingilishi yawon Kirsimeti. Yanzu ƙauyen na karɓar mutane fiye da 600,000 a shekara.

To, ina matsalar take? Tana wajen muhalli. Otal-otal ba sa wadatar da baƙi a watannin sanyi, saboda haka masu gidaje suka gane cewa abin da iyali ɗaya na Turawa za su biya a 'yan kwanaki ta hanyar Airbnb da makamantansa ya fi abin da ɗan haya zai biya a wata. Sai aka shiga mayar da ɗakunan tsakiyar gari masaukin baƙi. Kuɗin haya ya hau, ɗaliban Jami'ar Lapland da ƙananan ma'aikata suka rasa inda za su sa haƙarƙarinsu, har da waɗanda aka ɗauko don su yi wa baƙin hidima. A watan Satumba na 2024 wasu mazauna garin suka fito kan titi suna nuna rashin amincewarsu.

Abin lura shi ne masu zanga-zangar ba su ce a kori baƙi ba. Hujjarsu ita ce dokar ƙasar ta riga ta hana gudanar da sana'ar masauki a ginin da aka yi domin zaman iyali, don haka a zartar da ita. A ganina gaskiya na tare da su. Sai dai aikin ba mai sauƙi ba ne ga majalisar gari, domin da yawa daga masu cin ribar hayar 'yan gari ne, masu biyan haraji, masu jefa ƙuri'a. Hukumar da ta shafe shekara arba'in tana kiran duniya ta zo, da wuya ta iya ɗaga murya a kan wanda ya ba duniyar wurin kwana.

Akwai kuma ƙorafin ƙabilar Sami, 'yan asalin arewa, waɗanda aka daɗe ana amfani da tufafinsu na gargajiya wajen tallar yankin ba da izninsu ba. A 2018 majalisarsu ta Finland ta fitar da ƙa'idojin da take so kamfanonin yawon shaƙatawa su bi. Keken karnuka ma, da baƙi ke ɗauka al'adar wurin ce, shigo da shi aka yi.

Babban abin da ya fi ƙarfin majalisar gari shi ne ita kanta ƙanƙarar. Wani bincike da masana yanayi na Finland suka buga a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 yankin ƙuryar arewa na ɗumama kusan ninki huɗu bisa sauran duniya. A ƙarshen Nuwamba na 2018 iyalan da suka biya maƙudan kuɗi sun sauka sun tarar da ƙasa baƙa wuluk, jaridun Ingila suka yi ta yi wa Lapland ba'a. Tuni wasu wuraren wasa suka koma dogara da injunan yin ƙanƙara a farkon hunturu, su ma kuwa ba sa aiki sai sanyi ya kai na daskarewar ruwa.