Al'adun Gida a Darasin Ilmin Zaman Jama'a

Tun shekarar 1982 da aka fara aiki da tsarin ilmi na 6-3-3-4, ilmin zaman jama'a ya sami gindin zama a ƙananan makarantun sakandare. Sai dai sau da yawa malami kan tsaya ga ma'anonin da ke cikin littafi, ɗalibi ya haddace, ya rubuta jarrabawa, ya manta. Alhali kuwa ɗalibin da ke zaune a Rigasa, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, da wuya mako ya wuce bai ga aikin wannan ilmi a ƙofar gidansu ba.

A ɗauki bikin suna, wanda akan yi ran bakwai ga haihuwa. Liman ne ke raɗa suna, wanzami ya yi aski, ungozoma kuma tana da rabonta a naman rago. Uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, saboda alkunya. Idan malami ya sa ɗalibai su bincika wa ya kawo me, wa ya sami me, kuma don me, to ya koyar da matsayi da rabon aiki da zumunta a zama guda. Haka lamarin yake ga lefe da gara, waɗanda ke ƙulla gidaje biyu da kyauta da ramuwa, da kuma kuɗin shara da taubasai ke karɓa lokacin cika-ciki. Ba abin mamaki ba ne, domin daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya Mary Smith ta rubuta Baba of Karo, wanda aka buga a 1954, har ya zama abin nazari a jami'o'in Turai.

Wasu iyaye za su ce ai kamu da wankan amarya bidi'a ne, bai kamata a kai su aji ba. Wannan magana tana da nauyi, amma nazarin abu daban, aikata shi daban. Hasali ma, yadda waɗansu al'adun suka ja da baya tun kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978 babban darasi ne a kan sauyin zamani. Ɗalibi ya tambayi kakarsa yadda aka yi bikinta, ya gwada da na yayarsa.

Nauyin yana kan sassan Hausa na jami'o'i, inda kundayen ɗalibai a kan aure da haihuwa da mutuwa ke jibge suna shan ƙura. Ya kamata a tace su, a mayar da su ƙananan littattafai da malamin sakandare zai iya shiga aji da su.