Giga 8 Ba Ta Isa Ba, Komai Ƙyallin Kwalin

Tun da Frank Azor na kamfanin AMD ya fito a watan Mayun 2025 ya ce yawancin masu buga gem a kan 1080p suke, saboda haka ba su da abin yi da katin girafik mai memori fiye da giga 8, sai maganar ta zama karatun da masu sayar da kayan kwamfuta suke biya wa duk wanda ya tsaya a ƙofar shagonsu. Har yaran da suka iya aiki, masu haɗa inji da hannunsu tun daga bod har fawa, sun ɗauka suna yayatawa. Wai ai mu ƙwallo kawai muke bugawa. Wai sikirin ɗinmu ma bai wuce 1080p ba. Wai ka sayi sabo dal a kwali ka kwana lafiya, ka rabu da na hannu.

Wannan ra'ayi ɓata ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne zai kwana a ciki. Wanda ya yi maganar ba alƙali ba ne, mai haja ne. A daidai lokacin kamfaninsa yana shirin sakin RX 9060 XT mai giga 8 a kan dala 299, mutane suna ta ƙorafi, shi kuma ya fito kare kayansa. Aikinsa ke nan, albashi ake biyansa a kai. Kai da za ka zaro kuɗin daga aljihunka, wa ya biya ka ka taya shi?

Giga 8 fa ba jiya aka fara ta ba. AMD ɗin nan ta sayar da R9 390 mai giga 8 tun 2015, ta biyo da RX 480 mai giga 8 a 2016 a kan dala 239. A wannan shekarar Nvidia ta fitar da GTX 1070, giga 8, dala 379. Bayan shekara 9, a Afrilun 2025, ta fitar da RTX 5060 Ti, giga 8, dala 379. Abin ma ba tsayawa wuri ɗaya kawai ya yi ba, baya ya ci: RTX 3060 na 2021 giga 12 gare shi, magajinsa 4060 aka rage masa zuwa 8, 5060 ma aka bar shi a 8. Duk wanda ya ce maka tsadar memori ce ta hana, tambaye shi yadda Intel ta yi ta sa giga 12 a Arc B580 a ƙarshen 2024 ta kuma sayar dala 249. A 2023 kuwa AMD ce take yi wa Nvidia gori cewa katunanta sun fi yawan memori, kuma shi ne abin dubawa. Me ya canza cikin shekara biyu, in ba kayan da ake son sayarwa ba?

Masu cewa gudun kati shi ne komai ba su fahimci aikin memori ba. Ɗauki tela mai saurin hannu, ka ba shi ɗan teburin da bai ɗauki yadi biyu ba, sauran kayan ɗinkin kuma suna ɗakin baya. Saurinsa bai tsinana masa komai ba, rabin yininsa a zirga-zirga zai ƙare. Haka kati yake yi idan memorinsa ya cika. Sai ya koma aro daga RAM ɗin kwamfuta ta ramin da aka soka shi a bod, hanyar da ko kusa ba ta kama ƙafar gudun memorinsa ba. A nan ne wasa yake cijewa, hoto ya tsaya cak na ƙiftawar ido sannan ya zabura, bango da fuskokin mutane su koma dishi-dishi. Lambar firam da ake nuna maka a talla ta tsaka-tsaki ce, ba ta nuna wannan cijewar. An ga haka ƙarara a 2023 da Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I, a 1080p ɗin nan da ake ta ambato, da zarar an ɗaga ingancin hoto. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Manyan wasanni da PlayStation 5 a rai ake gina su, shi kuwa tun 2020 giga 16 gare shi da furosesa da girafik suke rabawa. Hatta fasahar ƙirƙiro ƙarin firam da Nvidia take tallata 5060 da ita, memori take ci.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama irinmu. 5060 da 5060 Ti layi 8 kawai suke amfani da shi a ramin PCIe maimakon 16. A sabon bod mai PCIe 5.0 ba a ji. To mu nawa ne muke da sabon bod? Yawanci tsohon bod ne na zamanin Intel na 8 ko na 9 ko na 10, ko Ryzen na farko-farko, duk masu PCIe 3.0, a ƙara RAM, a soka sabon kati. A irin wannan bod faɗin hanyar kashi ɗaya cikin huɗu ne na abin da katin zai samu a sabo. Memori ƙarami, hanyar aro kuma ƙuntatacciya. Mai shago ba zai faɗa maka wannan ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

Azor da ire-irensa Ba'amurke suke hange, wanda in kati ya gaza masa bayan shekara biyu zai sayar ya sake wani. Namu yaron wata da watanni yake tara kuɗin, ga tsadar dala, ga kuɗin jirgi, ga kwastan, ga ribar ɗan kasuwa. In ya saya, katin nan shekara shida ko bakwai zai yi a injinsa, daga baya ma ƙanensa ya gada. Tambayar da ta dame shi ba ita ce ko giga 8 ta ishi ƙwallon bana ba. Za ta ishe shi a 2030? Ballantana ma ba don wasa kaɗai yake saye ba. Da katin nan yake tace bidiyon biki da ya ɗauko a 4K, da shi ake gyara launin fim a DaVinci Resolve, da shi ɗalibin zanen gine-gine yake fitar da aikinsa a Lumion ko Blender. Waɗannan manhajoji in memori ya ƙare ba cijewa kawai suke yi ba, wani lokaci rufewa suke yi da aikinka, mai biki kuma yana jiranka a waya.

Za su ce ai akwai mai giga 16, ka ƙara dala 50 ka saya. Haka ne, a 2025 an fitar da 9060 XT mai 16 a kan dala 349, 5060 Ti mai 16 a kan dala 429. To me ya sa suna ɗaya aka ba su? Ɗan kasuwar da zai yi oda mai arahar zai ɗauko, domin shi ne zai fita da wuri. Mai haɗa kwamfuta ya sayar a dunƙule shi ma mai arahar zai sa, ya rubuta 5060 Ti a takarda ya yi shiru. Yaro ya ga gwajin mai giga 16 a YouTube, ya je shagunan Beirut Road ko Banex ya ce a ba shi 5060 Ti, a miƙo masa kwali, ya biya yana murna. Kuma in da kamfanin yana alfahari da kayan, me ya hana Nvidia ba masu gwaji direban 5060 kafin ranar da ya shiga kasuwa a watan Mayun 2025?

Sai babban dodon da ake tsorata mutane da shi: na hannu, musamman wanda aka yi haƙar kirifto da shi. Tun da Ethereum ta bar tsarin haƙa a ranar 15 ga Satumba 2022 katuna suka malalo kasuwa, tun lokacin kuma ake cewa duk wanda ya taɓa su ya sayi gawa. Mai haƙa da ya san abin da yake yi rage wa kati wuta yake yi, domin kuɗin lantarki ne ribarsa. Abin da yake gajiya shi ne fanka, da man da ke kan cip, da 'yan robobin da ke ɗauke zafin memori. Duk ana canza su da kuɗi kaɗan. Ana iya cin karo da mataccen kati? Ana iya, kamar kowane kaya na hannu. Maganinsa gwaji ne, ba gudu ba.

Ka ce wa mai shago, maigida, a soka shi a gabana. Ka juya katin ka duba kusoshin baya ko an taɓa kwance su, ka haska tocilan tsakanin ƙarafan sanyaya ka ga ko tsatsa ce ko ƙurar hunturu ce kawai da bulowa za ta kore. Ka juya fankar da yatsa, ka ji ko tana gurnani ko tana rawa. A buɗe GPU-Z ka karanta yawan memori da nau'insa da faɗin hanyarsa, domin akwai tsohon GTS 450 da ake sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti, akwai kuma RX 580 mai 2048SP wanda a zahiri ajin RX 570 ne. Sannan a kunna FurMark ko wani wasa mai nauyi na rabin awa, kana zaune kana kallon zafi, kana kallon sikirin ko ɗigo-ɗigon kore da ja za su fito. In mai shago ya fara cewa ba wuta, ko janareta ba zai ɗauka ba, ko ka yarda da shi kawai, ka yi masa sallama. In kuwa katin ya tsallake, RX 6700 XT mai giga 12, ko RX 6800 mai 16, ko 3060 mai 12 ga mai aikin bidiyo, sun fi min sabon mai giga 8 kwanciyar hankali.

Garanti fa? Wane garanti? Katin da aka sayo a Amurka ko Dubai, rasit da sunan wani, in ya ƙone a Gusau wa za ka kai wa? Sati ɗaya ko wata ɗaya da mai shago zai ba ka a baki, shi ne garantinka ko sabo ka saya ko tsoho. Masu kawo zancen cin wuta kuma, 3060 wat 170 yake ja, 5060 kuma 145. Bambancin bai kai rabin fankar sama ba. Cewa 5060 ya fi gudu, na ji, a inda memori bai cika ba.

Cutar dai tsohuwa ce, ta bautar suna. Ita ce ta sa har gobe mutum zai shigo shago ya ce shi dai Core i7 yake so, a ba shi i7-3770 na 2012 ya tafi yana taƙama, alhali i3-12100 na 2022, mai zuciya 4 kamar shi, ya bar shi nesa. Na gaji da wannan magana. Na gaji da ganin an manna wa tsohuwar kwamfuta sitikar i7 an ninka kuɗinta, ba wanda ya tambayi zamani na nawa ce. Masu sayarwa sun san bambancin sarai, shirun ne yake kawo musu ciniki. Kuma abin baƙin ciki, waɗanda suka waye suka daina faɗawa tarkon i7 su ne yanzu suke faɗawa tarkon kalmar sabo.

Kamfanonin sun daɗe da gane wannan rauni. GTX 1060 mai giga 3 ba memori kaɗai aka rage masa ba, har injinan lissafinsa 1,152 ne maimakon 1,280 na mai giga 6, amma suna ɗaya. GT 1030 an sake shi da DDR4 a madadin GDDR5, gudu ya faɗi warwas, suna ɗaya. A 2022 an lallaɓo da 3060 mai giga 8 da ƙuntatacciyar hanyar memori, suna ɗaya. A shekarar ce kuma aka so sayar da wani 4080 mai giga 12 da bai kai 4080 na gaskiya ba, sai da aka yi ca a kansu suka janye shi, ya dawo a matsayin 4070 Ti.

Ban manta rigimar GTX 970 ba, kuma ban yafe wa waɗanda suka kare ta ba. An sayar da kati a 2014 a matsayin mai giga 4, a farkon 2015 aka gano giga 3.5 ne masu gudu, ragowar rabin tafiyar hawainiya yake yi. A lokacin ma akwai masu ilimin cikinmu da suka dage wai ba komai, wai wa zai cika 3.5, wai masu ƙorafi 'yan AMD ne masu hassada. Masu saye a Amurka ba su saurari irin wannan ba, kotu suka tafi, a 2016 Nvidia ta amince ta biya dala 30 a kan kowane kati. Wanda ya sayi nasa a Kano ko Maraɗi ko sisin kwabo bai gani ba, shi da katinsa mai giga 3.5 suka ci gaba da zama har ya tsufa.