Sa hannun da ba a gani ba

Ranar 23 ga Oktoba 1962, shugaban Amurka John Kennedy ya ɗauki alƙalami gaban ƴan jarida, ya sa hannu kan umurnin tare duk jirgin ruwan da ke kai makamai tsibirin Kyuba, inda Tarayyar Sobiyet ta girke makamai masu linzami. Duniya ta kwana cikin zullumin yaƙin nukiliya, amma kowa ya ga takardar, kowa ya san hannun da ya riƙe alƙalamin. Wannan tarihi mun karance shi a lakkwal.

Namu alƙalamin, a ɓoye aka yi aiki da shi. A shekarar 2002 wasu takardu suka ɓulla a birnin Roma, wai Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi ton 500 na uraniyom. Ɗaya tana ɗauke da sa hannun jabu na shugaba Tanja Mamadu, wanda dattawanmu suka sani tun yana gwamnan Maraɗi zamanin Kunce. Wata, mai kwanan watan Oktoba 2000, an liƙa mata sunan Alele Alhaji Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Ƙarya ce wadda ko magatakardan Gidan Rumji zai gane kafin shayinsa ya huce. Duk da haka, ranar 28 ga Janairu 2003, George Bush ya shaida wa majalisar ƙasarsa cewa Saddam ya nemi uraniyom a Afirka. Ranar 7 ga Maris, Muhammad El-Baradei na hukumar nukiliya ta duniya ya bayyana wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na bogi ne. Bayan mako biyu, wuta ta faɗa wa Bagadaza.

Me ya ba maƙaryatan ƙarfin hali? Sun san cinikin uraniyom ɗinmu a ɗaki rufe ake ƙulla shi, kuma inda ba a san takardar gaskiya ba, ta jabu tana cin kasuwa. Ɗan kasuwar Gazawa ko Agye ba ya ɗora buhunan aya a mota sai da dillali da shaidu. To, yaya za a yi dukiyar ƙasa ta kasa buhun aya daraja?

Tsarin mulkin 2010, a ayarsa ta 150, ya wajabta a buga yarjejeniyoyin haƙar ma'adinai dungurungum cikin jaridar gwamnati. An jingine shi a 2023. A Yunin 2024 aka janye lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano, a Yunin 2025 kuma aka mai da Somaïr mallakar ƙasa. Da yawa sun yi tafi, kuma ba mu ga laifinsu ba. Sai dai canjin abokin ciniki ba ya hana a cuce ka.

Muna kira ga mahukunta a Yamai su buga kowace sabuwar yarjejeniya, da sunan mai saye, da farashi, da sunan wanda ya sa hannu, a karanta ta da Hausa a gidajen rediyon karkara, a kuma manna ta a ƙofar kowace ma'aikatar magajin gari.