Matasan Anguwan Rukuba, a Fito Gayyar Manhaja!

Jama'ar Anguwan Rukuba, maza da mata, ɗalibai da malamai, masu gyaran waya da masu shagon buga takardu: mun daɗe muna cin gumin wasu, lokaci ya yi da za mu sa namu hannun. Wayar Android da ke aljihunka a kan Linux aka gina ta. VLC da kake kallon fim da shi, da Firefox, da WordPress, da LibreOffice, duk manhajoji ne masu 'yanci. Rubutun da aka haɗa su da shi a buɗe yake, kowa na da ikon ya yi amfani da shi, ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Richard Stallman ne ya ɗaga wannan tuta a Amurka a 1983 da shirin GNU. A 1991 kuma Linus Torvalds ya fito da Linux yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Ɗalibi fa, tsaran waɗannan da ke haya a lungunanmu suna sammakon zuwa Jami'ar Jos.

Aikin gayya ne. Kowa ya zo da fartanyarsa, ya ja kunyarsa, amfanin kuma na gari ne baki ɗaya. Abin tambaya shi ne, yaya dubban mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suke aiki a kan rubutu ɗaya, wani bai ɓata na wani ba?

Amsar ita ce Git. Duk wanda ya taɓa rubuta kundin kammala karatu ya san ciwon: ga fayil mai suna "na ƙarshe", ga "na ƙarshe bayan gyara", ga "na ƙarshen gaske", ranar da malami ya ce a mayar da babi na biyu yadda yake da, sai ido ya raina fata. Torvalds ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan an janye wa masu aikin Linux izinin amfani da BitKeeper, manhajar da suke adana tarihin aikinsu da ita, kyauta, kuma cikin 'yan watanni ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano. Aikin Git shi ne adana tarihin kowane canji: wa ya yi, yaushe, wane layi ya taɓa, da dalilin da ya bayar. Za ka kwafo rumbun aikin gaba ɗaya zuwa kwamfutarka, ka buɗe reshe naka, ka yi gyara a ciki, asalin aikin na nan lafiya lau. In ka gama sai ka aika da buƙatar a duba. Masu kula da aikin su karanta, su yi tambaya, su ce ƙara nan, rage can, sannan su haɗe naka da na kowa. In daga baya aka ga gyaran bai yi ba, a warware shi cikin minti ɗaya. To tsoron me ya rage?

Ga abin da ya fi burge ni, kuma da mu ya fi dacewa: Git ba ya buƙatar intanet sai lokacin ɗaukowa da lokacin aikawa. Tarihin duka yana cikin na'urarka. An ɗauke wuta, sabis ya yi ƙasa, data ta ƙare, kai dai muddin da sauran caji aikinka na tafiya. Rubutu kuma ba bidiyo ba ne. Datar da ake ƙonawa a TikTok a dare ɗaya ta isa aika gyare-gyare masu ɗimbin yawa. Wanda ba shi da kwamfuta ma bai tsira da uzuri ba, domin ana iya gyara fayil daga waya a GitHub, shafin da ake ajiye rumbunan Git, kuma Git na aiki a Android ta cikin manhajar Termux.

Wani zai ce ai shi bai iya haɗa manhaja ba. Wa ya ce sai ka iya? Manhaja ba lissafi kaɗai ba ce. Akwai bayanin yadda ake amfani da ita, akwai kalmomin da ke fitowa a allo, akwai rahoton matsala. Ku buɗe wayoyinku ku mayar da su Hausa, ku ga abin takaici: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, jimla ta fito da ƙafafun Turanci, wani wurin ma an bar shi yadda yake. Ba mugunta aka yi mana ba. Mu ne ba mu je wurin ba. Malamar firamare da ta san inda ake sa lanƙwasa, da mai fassarar wa'azi a coci ko masallaci, da mai karanta labarai a rediyo, kowannensu na da abin da injiniyan Jamus ba shi da shi.

Kada kuma wani ya karya muku gwiwa da cewa Hausar Jos ba ta kai ba. Hausar nan ita ce ta haɗa Birom da Afizere da Anaguta da Ngas da Bahaushe a Taminus da Farin Gada. Ka aika naka, na Kano ya duba, na Maraɗi ya ce su can ƴ suke rubutawa inda muke sa 'y, a yi muhawara a fili, a tsayar da magana. Dama don haka aka yi tsarin. Sannan harsunan Filato fa? Unguwar nan sunan mutanen Rukuba take ɗauke da shi. Shirin Common Voice na Mozilla, mai tattara muryoyi don na'ura ta koyi jin magana, yana da Hausa, kuma yana karɓar buƙatar ƙara sabon harshe. In jikokin masu harshen ba su nema ba, wa zai nema musu?

Wasu sun riga mu fita. Ƙungiyar Masakhane, wadda ta taso a 2019, ta haɗa masu bincike daga sassan Afirka, ayyukanta kuma a buɗe suke a GitHub. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane harshe cikin Hausa da Ibo da Yarbanci, da wasu ƙasa da haka a Burokan, suka ajiye shi inda kowa zai ɗauka. A nan Jos, cibiyar nHub ta daɗe tana koya wa matasa wannan sana'a.

Ba zan yaudare ku da zancen kuɗi ba. Gyaran farko ba ya kawo ko sisi. Amma kowane gyara da aka karɓa yana nan da sunanka da kwanan wata, mai neman ma'aikaci daga Legas ko Nairobi zai iya dubawa da idonsa, ba sai ka san wani ba. Shirye-shiryen horarwa irin su Google Summer of Code da Outreachy suna biyan alawus, kuma abin da ka riga ka taɓa yi suke fara dubawa.

Hattara da abu biyu. Git ba ya mantuwa, saboda haka kada ka saka kalmar sirri ko lambar wayar wani a cikin rumbu, ko ka goge tana nan a tarihi. Kuma kada mu je da shirme don a ga sunanmu. A Hacktoberfest na 2020, shirin ba wa masu aika gyara kyautar riga, masu kwaɗayin riga kyauta sun cika ayyukan mutane da gyaran banza har sai da aka sauya dokoki. In an mayar maka da aikinka, ba raini ba ne. Karanta dalilin, ka sake aikawa.

Masu shagon kwamfuta, ku ba yaran nan awa biyu ranar Asabar. Shugabannin matasa na coci da na masallaci, akwai ɗaki, akwai janareta, ku buɗe ƙofa. Iyaye, ku bar 'yan mata su zo. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta, kowa ya kamo mutum uku ya zaunar da su. Littafin Pro Git na Scott Chacon da Ben Straub kyauta ne, mutum ɗaya ya sauke ya tura wa saura ta Xender. Ku buɗe asusu a GitHub ko GitLab ko Codeberg, ku zaɓi manhajar da kuke amfani da ita kullum, ku karanta ƙa'idojin masu ita, ku nemo kuskure guda ɗaya, ku aika da gyaransa kafin Asabar mai zuwa!